Tarihin Rayuwar Malam Sikeli, Mai Awon Jirgin Tsattsewa

Haihuwa da asali

An haifi marigayi da hantsin ranar Talata, 8 ga watan Maris na shekarar 1966, a ɗakin haya na uku daga ƙofa, a wani ƙaramin gari da ke gindin gadar jirgin ƙasa. Mahaifinsa makanikin keke ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya rasu yaron yana da shekara tara. Mahaifiyarsa mai sayar da ƙusa ce a layin 'yan ƙarfe na kasuwa, kuma ita ce ta sa aka rubuta wannan tarihi, wato ni. Ban yi makaranta ba. Jikata ma'aikaciyar jinya ce ta riƙe biro, na kuma gaya mata duk inda ta sassauta mini magana zan gane idan an karanta mini, don haka abin da ke nan nawa ne.

Dalilin rubutun shi ne kalma ɗaya da kamfanin da ya yi wa aiki ya sa a rahotonsa bayan ya rasu, kalmar maguɗi. Ina so a goge ta. Duk wanda ya karanta wannan takarda har ƙarshe zai san dalili.

Ƙuruciya da karatu

Ya tashi a rumfar mahaifiyarsa, a gefen sikeli mai faranti biyu, kuma tun yana ɗan shekara shida ya san cewa ba a auna ƙusa sai an fara auna gwangwanin da za a zuba ta, a cire nauyinsa. An sa shi makarantar firamare a shekarar 1973, ya wuce makarantar koyon sana'a a 1980, ya fito a 1985 da shaidar gyaran na'urorin awo. Malamansa sun shaide shi da natsuwa da jinkiri. Idan aka ba shi abu ya riƙe, sai ya ɗan girgiza shi a tafin hannu ya faɗi nauyinsa, kuma da wuya ya kuskure. Daga nan abokan karatunsa suka laƙaba masa Sikeli, sunan da ya bi shi har kabari.

Aiki da aure

Daga 1986 zuwa 1998 ya yi aiki a masana'antar fulawa, yana kula da babban sikelin da manyan motoci ke hawa. A tsawon shekarun nan goma sha biyu direbobi sun tsane shi, domin ba ya ƙara wa kowa ko rage wa kowa. A shekarar 1991 ya auri 'yar wani tela da ke bayan masana'antar, wadda har yau take zaune tare da ni, kuma Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1998 ya koma filin jirgin sama, sashen awon kaya, daga baya aka koya masa awon jirgin kansa, aikin da mutane kaɗan ne suka iya shi.

Mutum ne mai jiki a lokacin, ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa. Matarsa takan ce kujerar da ya zauna sau uku ta zama tasa, domin ba ta ƙara karɓar wani. A riƙe wannan.

Kamfanin Tsattsewa

A farkon shekarar 2014 wani attajiri, wanda ma'aikata ke kira Mai Kamfani, ya tara injiniyoyi a wata tsohuwar rumfar jirgi da ke ƙarshen filin, da nufin ƙera ƙaramin jirgin sama na 'yan kasuwa. An sa masa suna Tsattsewa. Yadda marigayi ya bayyana mana shi a gida, jirgi ne mai kujera shida da ƙananan injina biyu a baya, matuƙi ɗaya ya ishe shi, yana iya sauka a gajeren fili inda manyan jirage ba sa zuwa, yana da ɗan bayan gida a bayan labule, mutum kuma ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsa sai ya sunkuya. An yi shi ne don masu ma'adinai da manyan likitoci da 'yan kwangila, mutanen da suke so su yi taro a gari uku su dawo gida su ci abincin yamma.

Abin da ya sa masu saye suka yi layi alkawari ne guda, wanda aka rubuta a kowace takardar ciniki: cewa jirgin, babu mai babu mutum, ba zai kai kilo 3,000 ba. Idan ya kai, ba zai ɗauki mutum shida da cikakken mai a lokaci ɗaya ba, kuma mai saye yana da damar ya fasa. Mutum ɗari da arba'in suka sa hannu a kan haka.

An ɗauki marigayi aiki ranar Litinin, 3 ga Maris 2014. A ranar aka sa shi ya hau sikeli da kayan aikinsa, aka sami kilo 86, aka rubuta a wani kati mai ruwan ɗorawa, aka maƙala katin a jikin allon akawu. Wannan shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da kamfanin ya auna shi.

Yadda ake awon

Wajibi ne a bayyana wannan dalla-dalla, domin a nan maganar take.

Ranar awo ana rufe ƙofofin rumfar duka, a kashe fankoki, don ko iska kaɗan ta taɓa fiffike lissafi ya ɓaci. A tura jirgin a kan sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya. Dole jirgin ya daidaita, kada ya karkata gaba ko baya, kuma abin da ke nuna haka wata 'yar kwalba ce mai ruwa da kumfa a ciki, irin ta magina, wadda masu zanen suka liƙa a daɓen jirgin ta ciki, inda ba a gani daga waje. Saboda haka sai mutum ya shiga, a rufe shi, ya zauna yana kallon kumfar, idan ta tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu ta taga. Akawu, wanda suke kira Biro, yana waje, shi ke karanta sikeli, ya cire nauyin wanda ke ciki kamar yadda yake a kati, ya rubuta abin da ya rage. Wanda ke ciki ba ya ganin sikeli, ba ya riƙe biro, ba ya jin abin da ake faɗa. Babban Injiniya ne ya tsara haka, sa hannunsa ne a ƙasan takardar.

Marigayi ne ke shiga. Ya ce idan an rufe ƙofar babu wani sauti da ke shigowa, har mutum yakan ji jininsa yana tafiya a kunne. A kujerun baya akwai buhunan yashi da ake ɗaure wa bel ranar gwajin tashi, ma'aikata sun zana musu ido da baki da alli. Ranar awo ana fitar da su a jera su a bango, suna fuskantar jirgin. Ya ce su kaɗai ne suke kallonsa, sauran duk sikeli suke kallo.

Shekarun rage nauyi

An kammala jirgin farko a shekarar 2019, aka auna, aka sami kilo 3,112. Daga nan aka shiga rage nauyi: aka sauya ƙarfen kujeru, aka rage kaurin fenti, aka cire ƙofar bayan gida aka sa labulen nan, aka fafe duk abin da zai fafu. Zuwa ƙarshen 2020 ya sauko 3,031, a nan ya tsaya cik shekara guda cur. Duk abin da injiniyoyi suka cire ta gaba, masu saye sai su sa a mayar ta baya, wannan yana son wurin ajiye kofi, wancan yana son madubi. Wasu suka fara aiko da wasiƙar fasawa.

A farkon 2022 marigayi ya fara ciwon ciki. Asibiti suka ce ciwon daji ne na hanji, suka ba shi kati, duk zuwa sai sun auna shi sun rubuta. Bai gaya wa kamfani ba, don yana tsoron a sallame shi kafin ya ga jirgin a hannun mai saye. Wannan laifinsa ne, ban ɓoye ba. Yana sa riga biyu, daga baya uku, a ƙarƙashin rigar aiki, don kada a ga ramarsa.

A watan Maris na shekarar jirgin ya nuna 3,024. A watan Yuni 3,017. A watan Satumba 3,009. Injiniyoyi suka ce ƙananan notin da suka sauya ne suka fara haɗuwa, aka yi musu tafi. Masu fasawa suka dawo, aka ƙara samun mutum ashirin. Marigayi yana gani ta taga ana rungumar juna, shi ma ya yi murmushi.

Mutum talatin ne ke aiki a rumfar nan, kullum suna gaisawa da shi. Fuska ba ta sa riga uku. Matuƙin gwaji, wanda suke kira Kyaftin, har tsokanarsa yake yi.

"Sikeli, kai da jirgin nan gasa kuke yi ne? Ka bar masa mana, shi aka yi wa alkawari."

"Ai ni ke nuna masa hanya, Kyaftin."

"To ka tsaya haka, kada mu wayi gari mu tarar da rigar kawai."

Aka yi dariya. Kyaftin da bakinsa ya ba ni wannan labari ranar ta'aziyya, yana share ido, bai ma san abin da yake gaya mini ba.

A watan Disamba, bayan jirgin ya nuna 3,003, marigayi ya dawo gida da la'asar ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Matarsa ta ce ya daɗe yana jujjuya katin asibiti a hannu, sannan ya ce mata, "Maman yara, jirgin nan ni yake ci." Ta ɗauka zafin ciwo ne. Washegari ya je wurin Biro ya ce a sake auna shi. Biro ya kai maganar gaba, aka ce kati yana nan, ba a taɓa takardar tsari ana saura wata biyu baƙi su zo. A watan Janairu ya sake roƙo, aka sake ba shi amsa iri ɗaya. Me ya hana shi hawa sikelin da kansa a gaban kowa, ban sani ba. Ya saba a ce masa a'a ya yi shiru, halin ubansa ne.

Awon ƙarshe

Ranar Alhamis, 16 ga Fabrairu 2023, aka gayyaci masu saye da iyalan ma'aikata su shaida awo. Na je, aka ba ni kujerar roba kusa da buhunan nan masu ido. Aka rufe ƙofofi, aka kashe fankoki, aka ce kowa ya yi shiru. Mutum sama da ɗari a wuri ɗaya, ba ka jin ko tari. Jirgin fari fat, yana ƙyalli, ƙarami fiye da yadda na zata.

Na ga ɗana ya hau matakala yana riƙe da ƙarfe da hannu biyu. Aka rufe shi. Na duba tagar da aka nuna mini, wallahi ban ga kowa ba, kujera kawai na gani. Na daɗe ina kallo. Sai hannu ya taso a hankali ya manne a gilashi.

Biro ya karanta: 2,998. Rumfar ta kaure. Mai Kamfani ya yi jawabi ya ce Tsattsewa zai cika sararin sama cikin shekara biyar, za a riƙa ƙera hamsin duk shekara. Ana cikin ɗaukar hoto aka manta ba a buɗe ƙofar jirgin ba, sai da jikana babba, wanda makaniki ne a kamfanin, ya lura ya je ya buɗe. Ya tarar da ubansa a zaune inda aka bar shi, yana kallon kumfa. Katin asibiti na wannan makon ya ce kilo 53.

Rasuwa da jana'iza

Bai ƙara komawa aiki ba. Ya yi jinya wata uku a ɗakinsa, ya rasu ranar Laraba, 10 ga Mayu 2023, bayan azahar, yana da shekara hamsin da bakwai. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan filin jirgi. Mutum huɗu daga kamfanin suka ce su za su fara ɗauka. Sun san shi tun yana da jiki, suka sunkuya suka sa ƙarfi irin na wancan mutumin, makarar ta yi sama a hannunsu har na gaba ya yi tuntuɓe. Maƙwabcinmu da ke wurin ya ce sun kalli juna, suka ci gaba da tafiya har aka isa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da ya biyo bayan rasuwa

A watan Yuli aka tashi awon jirgin da za a miƙa wa mai saye na farko. Ana bukatar wanda zai shiga, aka ce ɗansa ya shiga, don girmamawa. Aka auna shi ranar, kilo 81, aka yi masa sabon kati mai ruwan ɗorawa. Ya ɗaga hannu, Biro ya karanta: 3,031. Aka sake sau uku, bai motsa ba.

Mutum talatin da ɗaya suka fasa. Aka kafa kwamiti, Babban Injiniya ne shugabansa. A watan Satumba suka fitar da rahoto mai shafi goma sha ɗaya aka aika wa duk masu saye, cewa tsohon ma'aikacin awo, wanda shi ke gyara sikelin da kula da su, ya yi maguɗi a na'urorin don ya faranta wa shugabanni, kuma tsarin kamfani ba shi da aibi. Aka cire hotonsa daga bangon rumfar. Inda yake har yanzu fentin ya fi haske.

Da aka karanta mini lambobin awon jirgin da ke cikin rahoton, na ce a ɗauko katin asibiti a karanta mini shi ma. Na sa aka jera su wata da wata. Ranar da jirgi ya sauka da bakwai, ɗana ya sauka da bakwai. Ranar da ya sauka da sha huɗu, shi ma sha huɗu. Ashirin da biyu, ashirin da takwas, talatin da uku, babu inda suka saɓa ko da kilo ɗaya. Suna cire mutum mai kilo 86 daga jirgin da babu irin wannan mutumin a ciki.

A watan Oktoba na je ofishin Babban Injiniya. Na zauna awa biyu a baranda kafin a shigar da ni. Ofishi ne mai sanyi, da ɗan ƙaramin Tsattsewa a kan tebur. Ya miƙe ya gaishe ni.

"Sannu da zuwa, Mama. A kawo miki shayi?"

"Ban zo shan shayi ba. Ga katin asibiti da lambobin jirgi, ka duba."

Ya duba. Na ga inda idonsa ya tsaya, na ga ya koma sama ya sake saukowa. Sannan ya tura mini su da ɗan yatsa.

"Mama, wannan lissafi ne na injiniyoyi, yana da zurfi."

"Shekara arba'in ina sayar da ƙusa, ɗan nan. Idan na sauya gwangwani na ci gaba da cire nauyin tsohon, wa ya yi sata, ni ko gwangwanin?"

"Kwamiti ya riga ya rufe magana."

"Wa ya sa hannu a kan a auna mutum sau ɗaya a shekara tara?"

Ya danna ƙararrawa aka zo aka raka ni. A bakin ƙofa Biro ya biyo ni yana waige-waige, ya ce, "Iya, sau biyu ya roƙa, ni na kai maganar. Amma ina da yara, kada ki ambace ni." Na ambace ka, Biro. Ka yi haƙuri. Ɗana ma yana da yara.

Bukatata ga Mai Kamfani da hukumar da ke ba jirage izinin tashi da duk wanda ya karɓi rahoton nan ita ce a goge kalmar, a rubuta gaskiyar abin da ya faru, a aika wa mutanen da aka aika wa na farko. Ba na neman a mayar da hoto. Muddin takarda ta ce hannun mamaci ne ya ɓata awo, babu wanda zai taɓa tsarin katin nan, kuma har yau da shi ake aiki.

'Ya'yan da ya bari

Marigayi ya bar mahaifiyarsa, da matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu, da jikoki uku.

Auta, an haife ta a 2004, tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin malanta.

Na uku, an haife shi a 1999, direban motar kaya ne, ya daina faɗin sunan ubansa a wurin awon motoci.

Ta biyu, an haife ta a 1996, ma'aikaciyar jinya, ita ta rubuta wannan.

Babban, an haife shi a 1993, makaniki, mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Bai bar kamfanin ba, ya ce idan ya tafi za a ce ya yarda. Shi ke shiga jirgin yanzu. Tun ranar da lambar da ta kama ubansa, 3,031, ta fito alhali shi ne a cikin jirgin, abinci ba ya zama masa, matarsa ta ce yana tashi ya bar kwano kamar yadda aka ajiye shi. An kai shi asibiti ba a ga komai ba. Katinsa yana nan a allon Biro, kilo 81, ba a sake auna shi ba. A makon jiya kamfanin ya aika wa masu saye albishir cewa gyare-gyaren da ake yi sun fara aiki, Tsattsewa ya sauko 3,022, kuma ana sa ran zai cika alkawari kafin ƙarshen shekara.